Yadda Ake Gyara Hoton Hutu Da Hasken Filash Ya Ɓata, Da Wayar Hannu Kaɗai

Duk wanda ya taɓa zuwa hutu Zariya ya san yadda wayarsa ke cika da hotuna. An zaga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, an tsaya gaban Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, an leƙa bakin dam ɗin jami'a, an shiga kasuwar Sabon Gari an yi tsaraba. Hotunan rana duk sukan fito tas. Wanda ya fi ba da matsala shi ne na daren ƙarshe, kuma sau da yawa shi ne wanda ba a iya maimaitawa.

A ɗauki misalin wata ɗaliba da ta zo daga Katsina hutun watan Disamba wurin yayarta a Samaru. Daren da za ta koma, aka ɗauko kakarsu daga Sabon Gari, aka taru a falo, ga shi an ɗauke wuta. Aka jeru gaban taga, ƙanin mijin yaya ya karɓi waya ya ƙyasta, fitilar kyamara ta haska. Sai washegari a mota, an wuce Funtuwa, ta buɗe hoton da kyau. Wani farin dunƙulen haske ya zauna a gilashin taga, goshin kaka na sheƙi kamar an shafa mai, tabarau ɗin mijin yaya ya koma fari fat, idanun ƙaramin yaro sun yi ja, ga wasu ɗige-ɗige masu kama da kumfa na yawo a ko'ina.

Wannan darasi zai bi hoton nan aibi bayan aibi. Amma akwai ƙa'ida guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko: manhaja na iya dawo da abin da haske ya dusashe, ba ta iya dawo da abin da haske ya shafe. Inda aka shafe, faci kawai ake yi. Sanin bambancin nan shi ne rabin aikin.

Me ya sa filash ke yin haka?

Fitilar kyamara, wadda aka fi sani da filash, tana manne da idon kyamara a bayan waya, tazararsu ba ta wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Haske kuwa idan ya bugi abu mai santsi, yakan dawo kamar ƙwallon da aka doka a bango. In an doka a miƙe, a miƙe zai dawo. Don haka duk abu mai sheƙi da ke fuskantar waya, gilashin taga ne, tabarau ne, tayil ne, sabuwar shadda ce ko goshi mai gumi, yakan mayar da hasken kai tsaye cikin idon kyamara.

Abu na biyu shi ne tazara. Ƙarfin haske na raguwa da sauri sosai. Wanda ke tsaye mita 1 daga waya yana samun ninki 4 na hasken da wanda ke mita 2 ke samu, da ninki 9 na wanda ke mita 3. Shi ya sa na gaba ke yin fari, na baya na cikin duhu.

Su kuma ɗige-ɗigen nan masu kama da kumfa, ba aljanu ba ne, ba kuma lalacewar waya ba ce. Ƙurar hunturu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Zariya cike take da ita. Ƙwayar ƙurar da ke shawagi dab da idon kyamara takan sha hasken filash, kuma da yake ta yi kusa da yawa kyamara ba ta iya saita ta, sai ta fito a matsayin da'ira mai dishi-dishi.

Kafin a taɓa komai

Abu na farko, a nemo asalin hoton. Idan ta WhatsApp aka turo shi ta hanyar da aka saba, an riga an matse shi, an zubar da bayanai masu yawa da gyara ke bukata. A roƙi wanda ya ɗauka ya sake turowa a matsayin Document, ko ta Bluetooth, ko Xender, ko Quick Share. Zaɓin HD da WhatsApp ya kawo a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana ɗan matsewa. Document ne ke kawo hoto yadda yake.

Na biyu, a tambaya ko akwai wani hoton na wannan zama. Da wuya a taru a ɗauki hoto guda tak. Ko da na biyun wani ya rufe ido ko ya juya, a karɓe shi. Zai yi amfani nan gaba.

Na uku, a yi kwafi, a yi aiki a kan kwafin. Asalin a bar shi a ma'adanarsa, don kada garin neman gira a rasa ido.

Manhajar da darasin zai fi dogara a kai ita ce Snapseed. Kamfanin Nik Software ne ya fitar da ita a 2011, Google ya saye kamfanin a 2012. Kyauta ce, ba ta da talla, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da data ba. Tana tafiya a kan yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Itel, Redmi da Samsung, haka ma iPhone. Wurin da maɓallan suke na iya sauyawa daga wani zubi zuwa wani.

Gwajin minti ɗaya: zai gyaru ko ba zai gyaru ba?

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. A hoton JPEG, kowane ɗigo na ɗauke da lambobi uku, na ja, na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun suka kai 255, wannan ɗigo ya zama fari tsantsa. Babu fata a ƙarƙashinsa, babu ido, babu labule. Kyamara ba ta rubuta komai a wurin ba.

Ga yadda ake ganewa. A buɗe hoton a Snapseed, a shiga Tools, a zaɓi Tune Image. A ja yatsa sama ko ƙasa har a kai kan Highlights, sannan a ja hagu har zuwa -100. A yi haka da Brightness ma. Hoton zai yi duhu ya munana, ba komai, gwaji ne. A zuƙo wurin da ya yi ƙyalli a duba.

Idan launin fata ya fara bayyana, ko an fara ganin zaren tufa, to bayanai na nan, haske ne ya lulluɓe su. Wannan zai gyaru sosai. Idan kuwa wurin ya koma toka-toka shafal, babu zane babu launi, to an shafe shi, sai faci. A hoton ɗalibar nan, goshin kaka ya faɗa rukuni na farko, tsakiyar dunƙulen taga da tabarau sun faɗa na biyu. Da an gama dubawa sai a danna alamar X a fita ba tare da adanawa ba.

Mataki na 1: Fuskar da ta yi sheƙi

A koma Tune Image. A rage Highlights zuwa tsakanin -30 da -50, a ɗaga Shadows kaɗan don mutanen baya su fito. Hasken filash na waya yakan sa fata ta yi fari-fari kamar an shafa toka, don haka a ƙara Warmth kaɗan har launin fata ya koma yadda aka san mai shi. A danna alamar amincewa.

Daga nan a shiga Selective. A ɗora ɗigo a tsakiyar goshin da ke sheƙi. A matse yatsu biyu a kan sikirin, wani jan launi zai nuna iyakar wurin da gyaran zai shafa. A rage shi har ya tsaya kan goshi kawai. Sai a rage Brightness a hankali, a ƙara Saturation kaɗan don launi ya dawo.

In da sauran ƙyalli, a ɗauki Brush, a zaɓi Dodge & Burn, a sa shi a -5, a zuƙo hoton sosai a shafa wurin sau ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne son kashe sheƙin gaba ɗaya. Baƙar fata mai lafiya tana da ɗan sheƙinta a goshi da karan hanci. In aka share shi duka, fuska za ta koma kamar zanen kwali. Rage shi ake yi, ba kawar da shi ba.

Mataki na 2: Dunƙulen taga da ɗigon ƙura

Wannan aikin Healing ne. Abin da yake yi shi ne aro daga gefe ya lulluɓe wurin da aka taɓa, kamar tela da ya yanko ƙyalle daga cikin riga ya toshe ɓula. Saboda haka yana yin kyau a kan bango, labule marar zane, sararin sama ko duhun taga. Yana kwafsawa a bakin abubuwa, kamar inda kafaɗa ta haɗu da bango.

Girman burushin ya danganta da yadda aka zuƙo hoton. In an zuƙo sosai, burushin na taɓa ƙaramin wuri. Ga ɗigon ƙura, a zuƙo har ɗigon ya kusa girman kan yatsa, a taɓa shi sau ɗaya. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗa kan fuska a bar shi zuwa ƙarshe, a yi masa da ƙaramin burushi.

Ga babban dunƙulen taga, kada a shafe shi a jan yatsa ɗaya. A fara daga gefe ana ci zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. In manhaja ta aro abin da bai dace ba, misali ta kwafo kunnen wani ta manna a taga, a danna kibiyar komawa baya a sake. Idan dunƙulen na can gefe ne, nesa da mutane, hanya mafi sauƙi ita ce Crop. A yanke wurin a huta.

Mataki na 3: Tabarau da ya koma fari

A nan gizo ke saƙa. In ƙyallin ƙarami ne a kusurwar gilashi, bai rufe ido ba, Healing ya wadatar. In kuwa ya rufe idon gaba ɗaya, babu inda za a aro ido a cikin wannan hoto. A nan ne hoto na biyu da aka karɓo ke shigowa.

A shiga Double Exposure, a danna alamar ƙara hoto, a ɗauko wanda idanun suka fito a ciki. Zai hau kan na farko ana ganin duka biyun. A ja shi da yatsu, a ƙara girma ko a rage, har firam ɗin tabarau ya hau kan ɗan'uwansa daidai. Sai a ƙure maɓallin kaurin hoton zuwa ƙarshe, a amince. Yanzu hoto na biyu ya rufe na farko, kada a firgita. A danna alamar jerin gyare-gyare da ke sama, a zaɓi View edits, a taɓa Double Exposure, a ɗauki burushin da ke tsakiya. A shafa cikin gilashin tabarau kawai. Idanun hoto na biyu za su bayyana a nan, sauran hoton na yadda yake.

Aikin na son haƙuri, kuma yana yiwuwa ne idan kan mutumin bai juya sosai ba tsakanin hotunan biyu. Amfaninsa shi ne idon da aka dawo da shi na mai shi ne na gaskiya. In babu hoto na biyu, a rage hasken farin da Brush don ya daina jan hankali, a bar shi haka.

Mataki na 4: Jan ido, da wani gargaɗi

A cikin duhu ƙwayar ido kan buɗe don ta karɓi haske. Filash ya shiga ta nan, ya bugi bayan ido inda jijiyoyin jini suke, ya dawo da launin ja. A iPhone, idan an shiga Edit a hoton da aka ɗauka da filash, akwai alamar ido da ake latsawa sannan a taɓa kowane ido. Snapseed ba ta da maɓalli na musamman, amma akwai dabara. A ɗauki Brush, a zaɓi Saturation a sa -10, a zuƙo iya zuƙowa a taɓa jan kawai, zai koma toka. Sai a koma Dodge & Burn a -10 a duhunta shi. Ɗan farin ɗigon da ke cikin ido a bar shi, shi ke sa ido ya yi rai.

Gargaɗin kuma shi ne wannan. Idan a hoton ƙaramin yaro ido ɗaya ya yi ja, ɗayan kuma ya yi fari ko rawaya kamar na kyanwa, musamman in hakan na maimaituwa a hotuna daban-daban, wannan ba aikin manhaja ba ne. Wani lokaci kusurwar ɗauka ce kawai, amma likitocin ido sun san shi a matsayin ɗaya daga alamomin yanar ido ta yara, da kuma wani ciwon daji na bayan ido da ke kama yara ƙanana, wanda gano shi da wuri ke ceton ido da rai. Kada a goge hoton. A nuna wa iyaye, a kai yaron a duba shi. Asibitin Koyarwa na ABU na nan Shika, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa kuma na Kaduna.

Ina batun ƙirƙirarriyar basira?

Akwai manhajojin da ke yin faci da kansu. Magic Eraser na Google Photos ya fara fitowa a wayar Pixel 6 a 2021, kuma a 2024 aka buɗe shi kyauta ga sauran wayoyin da ƙarfinsu ya kai. Wasu wayoyin Samsung Galaxy na da Object Eraser, wanda a cikinsa akwai zaɓin goge ƙyallin gilashi. Sababbin iPhone kuma na da Clean Up. A kan bango, taga da ɗigon ƙura, waɗannan sun fi Healing sauri, sau da yawa ma sun fi shi tsafta.

Matsalar tana kan fuska. Manhajojin da ke alƙawarin gyara fuska da latsawa ɗaya ba sa dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙirar sabo suke yi daga fuskokin da suka koya. Sukan goge tamoji, su gyara haƙora, su sauya siffar ido, wani lokaci su share zanen gado da ke kumatun tsohuwa a zaton tabo ne. Hoto zai yi kyau, amma wadda ke ciki ba kaka ba ce. Bayan shekara goma, wannan hoto ne jikoki za su riƙa kallo. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: a bar wa manhaja bango, fuska kuwa a yi ta da hannu.

Sannan da yawa daga irin waɗannan manhajoji da shafuka sukan tura hoton zuwa kwamfutocinsu a intanet kafin su gyara. Kafin a ɗora hoton matan gida da yara a shafin da ba a sani ba, a yi tunani, a kuma nemi izinin masu shi.

Idan hoton na takarda ne

Wani lokaci abin da aka ɗauko a hutu hoton hoto ne, wato tsohon hoton biki ko na makaranta da ke rataye cikin firam a ɗakin kaka, filash ya zauna a tsakiyarsa. In har ana iya komawa wurin, ko akwai wanda za a aika, sake ɗauka ya fi gyara. Manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 don wannan aka yi ta. Takan nuna ɗigo huɗu a sikirin, a kai waya kan kowanne, sai ta haɗa hotunan ta zaɓi sashen da ba ƙyalli daga kowannensu. In babu ita, a fito da hoton inuwar baranda da rana, a kashe filash, a ɗauka.

Adanawa da wankewa

Kafin adanawa, a danna yatsa a kan hoton a riƙe, Snapseed za ta nuna asalin. A saki, a ga gyararren. In gyaran ya fi aibin jan ido, a rage shi. A cikin Settings, a sa ingancin JPG a 100, kada a rage girman hoto, sannan a yi Export.

Mai son wankewa a shagunan hoto na Samaru ko na wajajen PZ a Sabon Gari ya tuna cewa hoto mai inci 4 da 6 na bukatar fiksel 1200 da 1800 don ya fito da kyau. In an yanke hoton da yawa, a duba girmansa a Details na Gallery tukuna. A tura wa mai shago wannan hoto guda a matsayin Document, ba sai an miƙa masa waya a buɗe ba. In akwai zaɓin takarda, marar sheƙi ta fi ɓoye wurin da aka yi faci.

Don kada a maimaita

Rigakafi ya fi magani, kuma duk bai wuce daƙiƙa talatin ba. A cire filash daga Auto a kashe shi, a gwada Night Mode a riƙe waya ƙam, ko a jingina ta da wani abu. In an ɗauke wuta, a kunna fitila mai caji ko tocilan wayar wani, a haska farin bango ko silin maimakon fuskokin mutane, hasken zai dawo a tausashe. A goge idon kyamara da gefen riga mai laushi, domin ƙura da man shafawar hunturu su ke sa haske ya yi jela. In rigar waya mai gani-har-hanji ce ko ta matse fitila, a cire ta, takan mayar da haske cikin kyamara.

In dole sai da filash, kada a jera mutane gaban taga, madubi ko talabijin. Mai ɗauka ya ɗan gusa gefe don hasken ya wuce ta wani wajen, ya tsaya kamar mita 2 daga mutane, kuma kowa ya kasance a layi ɗaya. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da shi ƙasa. A ɗauki uku ko huɗu, ɗaya babu filash. Mafi muhimmanci, a zuƙo hoton a duba fuska bayan fuska tun kaka na zaune, kafin a kira mai Keke Napep ya mayar da ita Sabon Gari.